Ayar A'arafi a Ƙofar Babban Cocin Palermo

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni Palermo. Shekararsa biyu yana karatu a can, kuma duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Kawu, akwai wani ginshiƙi da nake so ka gani da idonka. Ba zan turo maka hotonsa ba." Da wani aiki ya kai ni birnin Rum a watan Oktoba, sai na ware kwana uku na hau jirgi zuwa tsibirin Sisili. Tafiyar kamar awa ɗaya ce. Filin jirgin a matse yake tsakanin teku da wani dogon dutse, an sa masa sunan alƙalai biyu, Falcone da Borsellino, waɗanda 'yan Mafiya suka kashe a 1992. Daga nan jirgin ƙasa ya shigar da mu gari bayan magariba.

Washegari Juma'a, da hantsi muka fito a ƙafa. Titin da ya ratsa tsohon gari tun daga bakin teku har fadar sarakuna, a takarda sunansa Via Vittorio Emanuele, amma mutanen gari Cassaro suke ce masa. Al-Ƙasr ne na Larabci, bakinsu ya tauna shi shekara dubu har ya koma haka. Unguwar da yaron yake zaune kuma Kalsa, wato al-Khalisa. A hanya muka karya da wani soyayyen abu na garin wake da suke kira panelle, ana cusa shi cikin burodi, ɗanɗanonsa bai yi nisa da ƙosai ba.

Titin siriri ne, dogayen gidaje sun tsare shi dama da hagu, rana ba ta cika sauka a kansa ba. Muna cikin tafiya sai gidajen hannun dama suka yanke, fili ya buɗe, ga cocin kwance a gabanmu. Na ce kwance don ba ta fuska ake tarar da shi ba, ta gefe ne, tsawonsa duka a shimfiɗe kamar raƙumi ya durƙusa. Dutsen ginin launin zuma ne, rana ta bugi jikinsa har yana ɗaukar ido. A saman bangon an jera 'yan tsinkaye kamar zankayen gidajen sarautarmu, a kusurwa huɗu kuma siraran hasumiyoyi sun miƙe, kowace da tagogi masu tsinin kai. Daga yamma wasu bakuna biyu sun tsallake titi ta sama sun riƙe hasumiyar ƙararrawa da ke jikin gidan babban bishop. A tsakiyar wannan duka sai wata ƙatuwar ƙubba, wadda tun kafin a gaya mini komai idona ya ce baƙuwa ce. Ta zauna a kan ginin kamar hular aro.

Yaron bai bar ni na tsaya kallo ba. Ya kama hannuna muka ratsa filin, tsakanin bishiyoyin dabino da mutum-mutumin waliyyansu, har rumfar shiga. Rumfa ce mai baka uku, na tsakiya ya fi tsawo, aikin ƙarni na 15, lokacin da sarakunan Aragon na Sifaniya ke riƙe da tsibirin. Ya tsayar da ni gaban ginshiƙin farko na hannun hagu ya ce, "Bismillah, Kawu. Karanta."

A jikin marmarar an sassaƙa wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, kamar allon almajiri, cike da rubutun Larabci. Iska da ruwan sama sun ci gefen haruffan, amma wanda ya yi karatun allo ba ya buƙatar ganin kowane harafi, kalma biyu sun isa bakinsa ya ɗauka. Aya ta 54 ce ta Suratul A'arafi, wadda take cewa Ubangijinku shi ne Allah da ya halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, yake rufe yini da dare, rana da wata da taurari duk horarru ne da umarninsa. Na karanta a hankali har ƙarshe. Ban san lokacin da muryata ta fara rawa ba. Ina tsaye a wurin wata tsohuwa sanye da baƙaƙen kaya ta wuce ta gefena, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta shige ciki. Wataƙila tun tana yarinya take wucewa ta gaban ayar nan.

Yadda aka yi ayar ta zo nan, labari ne da ya taɓa mu fiye da yadda na zata. Tun farko coci ne a wannan fili, na zamanin Rumawan Gabas. A shekarar 827 rundunar Aglabawa, sarakunan Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya ta yau, ta sauka a garin Mazara da ke kudancin tsibirin. Jagoranta ba barde ba ne, alƙali ne mai shekara kusan 70, Asad ɗan Furat, wanda ya zauna gaban Imamu Malik a Madina. Tambayoyin fiƙihun da ya tattara ne Sahnun ya sake tacewa suka zama Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya. Asad ya rasu a shekara mai bi yana kewaye da birnin Sirakusa, bai ga Palermo ba. Sai a 831 birnin ya faɗa hannun Musulmi, suka kira shi Balarm, suka mai da cocin masallacin Juma'a. Haka ya zauna shekara 241. Masana sun fi rinjayar da cewa ginshiƙin nan daga wancan masallaci ya fito, magina na baya suka tsince shi suka kafa a rumfarsu.

Duk wanda ya zauna a zaure aka biya masa Muhtasar na Shehu Halil ya san malamai huɗu da ya ambata a gabatarwa, waɗanda yake dogara da zaɓinsu: Lakhmi, Ibn Yunus, Ibn Rushd da Maziri. To biyu daga cikinsu tsibirin nan ake jingina su gare shi. Ibn Yunus, wanda ya rasu a 1059, laƙabinsa as-Siƙilli, Basisile ke nan. Maziri kuwa, wanda ya rasu a 1141, sunansa daga waccan Mazara ya fito, inda jiragen Asad suka fara tsayawa. Shekara nawa ina jin sunayen nan a bakin malaminmu, ban taɓa kawo wa raina cewa gari ne mai kasuwa da masunta, wanda ake zuwa da mota daga inda nake tsaye ba.

Matafiyin nan Ibn Hauƙal ya zo Balarm wajen 973, ya ce masallatanta sun haura 300. Ya ce akwai inda ya tsaya ya ƙirga masallaci goma a tazarar da kibiya za ta kai, saboda kowane mai hali yana son nasa a ƙofar gidansa. Da na gaya wa yaron haka sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai kamar unguwarmu yake faɗa." Daga cikin ɗari ukun nan babu ko ɗaya da ya rage a tsaye. Abin da ya saura sunayen unguwanni ne, da lemo da rake da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, sai irin wannan ginshiƙi.

A farkon 1072 Normawa suka ci birnin. Mutanen arewacin Faransa ne da suka shigo kudancin Italiya a matsayin sojan haya, suka ƙare da sarauta. Abin da jagororinsu, Robert Guiscard da ƙanensa Roja, suka fara yi shi ne mayar da masallacin coci. Ginin ya ƙara shekara ɗari yana aiki, a cikinsa aka naɗa Roja na Biyu sarkin Sisili ranar Kirsimeti ta 1130. Girgizar ƙasa ta 1169 ta taɓa shi, sannan babban bishop Gualtiero ya rushe shi ya tayar da wanda muke gani, aka keɓe shi a 1185. Akwai kishi a cikin aikin. Sarki Wiliyam na Biyu yana can kan tudun Monreale, bayan gari kaɗan, yana gina nasa cocin da ya lulluɓe da zinariya, bishop kuwa ba ya son a ce na sarki ya fi nasa.

Wanda yake son ganin hannun maginan 1185 sai ya zagaya bayan ginin ta gabas. Yawancin masu yawon buɗe ido ba sa zuwa can, mu kaɗai muka tsaya sai wani mai share titi. A nan bango ya turo waje gida uku, kamar bayan mihrabi, na tsakiya ya fi girma. An yi masa ado da bakuna masu sarƙe juna, kowane ya ratsa ta cikin ɗan'uwansa, an kuma cusa baƙin dutsen aman wuta cikin ruwan zumar nan aka fitar da taurari da da'irori da zane mai maimaita kansa. Duk wanda ya taɓa duba bangon tsohon masallaci a Ƙairawan ko Alƙahira zai gane dangin wannan aiki. Na fi rabin awa a wurin. A ganina nan ne ginin ya fi kyau, nan ne kuma ya fi faɗin gaskiya game da waɗanda suka gina shi: mai biyan kuɗi bishop ne na cocin Rum, amma idon da ya tsara adon da hannun da ya yanka dutsen a makarantar Musulmi suka yi koyo.

A daidai lokacin da ake wannan gini wani Ba'andaluse, Ibn Jubair, ya ratso garin a hanyarsa ta komawa daga Hajji, bayan jirginsu ya fashe a mashigin Messina a ƙarshen 1184. Ya ji labarin cewa Sarki Wiliyam yana karatu da rubutu da Larabci, fadarsa cike da ma'aikata Musulmi. Ya ga matan Kirista ranar Kirsimeti sun fito da lulluɓi da lalle kamar matan Musulmi. Amma ya rubuta ɗaya gefen ma: Musulmin birnin suna da kasuwanninsu da alƙalinsu, ana jin kiran salla, sai dai ba su da Juma'a, don an hana su huɗuba. Na riƙe wannan a raina muka koma ƙofa.

Da muka shiga ciki gwiwata ta yi sanyi. Bayan duk abin da waje ya yi alkawari, sai ga wani dogon ɗaki fari fat, mai sanyi, irin wanda za ka iya tararwa a kowane babban birnin Turai. Ba mamaya ce ta yi wannan ba, ba gobara ba, gyara ne. Daga 1781 zuwa 1801 aka sake cikin ginin bisa tsarin Ferdinando Fuga, maginin fadar sarkin Napoli. Aka cire rufin katako, aka faɗaɗa gefuna, aka haɗe tsofaffin ginshiƙai jikin sababbin turaku, aka ɗora waccan ƙubba. A ƙuryar gabas da akwai wani bango na marmara da Antonello Gagini da 'ya'yansa suka shafe sama da shekara 60 suna sassaƙawa tun farkon ƙarni na 16. Shi ma aka wargaza shi, aka rarraba mutum-mutuminsa, ga su nan yanzu ɗaya-ɗaya a jikin turaku kamar 'yan gida ɗaya da aka raba wa dangi riƙo. Sassaƙa surar mutum ba abin da na taso da shi ba ne, amma na san zafin a ce aikin uba da 'ya'yansa na shekara sittin an kwance shi don yayi ya sauya. Garin neman gira aka rasa ido. Abin ya tuna mini da Masallacin Juma'a na Zariya, na Babban Gwani, da aka lulluɓe da ginin siminti a shekarun 1970. Can ciki ne ya tsira aka rasa waje, nan waje ya tsira aka rasa ciki. Masu yin irin wannan ba maƙiyan gini ba ne, masoyansa ne da kuɗi ya zo hannunsu.

Shiga cocin kyauta ne, amma kaburburan sarakuna da taska da hawa rufi sai da tikiti. Kaburburan suna hannun hagu in ka shigo ta rumfa. Manyan akwatuna ne na wani jan dutse mai duhu, launin tsohon jini, da suke kira porfido. Daga hamadar gabashin Masar Rumawan farko suka haƙo shi, sarakunansu kaɗai ke amfani da shi, Normawa kuma suka samo shi daga kufan Rum don su nuna su ma sun kai. Huɗu ne a ƙarƙashin rumfuna: Roja na Biyu, 'yarsa Kostanza, mijinta Henri na Shida na Jamus, da ɗansu Firedirik na Biyu.

Gaban Roja na fi daɗewa. Shi ne sarkin da alkyabbarsa, wadda take Vienna yanzu, ke da rubutun Larabci a bakinta da shekarar Hijira 528. Shi ne kuma ya ajiye Idrisi, masanin labarin ƙasa, a fadarsa shekara da shekaru yana tambayar fatake da matuƙan jiragen ruwa labarin ƙasashe, har ya kammala littafinsa da taswirarsa a 1154, shekarar da sarkin ya mutu. A cikin littafin akwai Gana da Kanem da Kawar, wannan Kawar ta hanyar Bilma da ayarin gishiri ke bi. Wato 'yan taku kaɗan daga nan wani ya zauna yana rubuta sunayen garuruwan bakin hamadarmu shekara 870 da suka wuce.

Firedirik kuwa, wanda akwatinsa ke kan zakuna huɗu kuma har yau mutane ke ajiye masa furanni, lamarinsa ya fi wuyar haɗiya. A titunan Palermo ya tashi, yana jin Larabci, yana musayar wasiƙu da malaman Musulmi, kuma da sulhu ya karɓi Ƙudus daga Sarki al-Kamil na Masar a 1229. Da aka buɗe kabarinsa a 1781 an tarar da rubutun Larabci a hannun rigar da aka binne shi da ita. Amma shi ɗin ne dai ya murƙushe tawayen Musulmin tsibirin, ya kwashe su daga shekarun 1220 ya kai su Lucera a can babban yankin Italiya, har Sisili ta wayi gari babu Musulmi. A 1300 aka rushe zaman Lucera ɗin ma, aka sayar da mutanenta bayi. Tun da UNESCO ta sa gine-ginen nan cikin kayan tarihin duniya a 2015, ko'ina ka duba a garin maganar zaman tare na Larabawa da Normawa ake yi. An yi zaman, bangon gabas shaida ne. Sai dai ina ganin duk mai faɗin farkon labarin ya kamata ya faɗi ƙarshensa.

Mutanen gari ba wajen sarakuna suke taruwa ba. Suna can gaban akwatin azurfa na Santa Rosalia, waliyyar garin, wadda suka yi imani ƙasusuwanta da aka samo a kogon Dutsen Pellegrino ne suka kawar musu da annobar 1624, suke kuma yi mata biki kowane watan Yuli. Wasu kuma suna gaban kabarin Fada Pino Puglisi, limamin cocin unguwar Brancaccio, wanda ya dage yana janye yaran talakawa daga hannun 'yan Mafiya har suka harbe shi a ƙofar gidansa ranar 15 ga Satumba 1993, ranar da ya cika shekara 56. Wanda ya harbe shi ya faɗa daga baya cewa murmushi ya yi musu ya ce da ma yana tsammaninsu. Na ga wani magidanci ya durƙusa a wurin da ɗansa ƙarami, yana yi masa bayani ƙasa-ƙasa.

Muka hau rufi ta wata matattakala mai murɗewa wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka. Daga sama ana ganin garin duka a cikin kwarinsa, duwatsu sun yi masa zobe, teku a gabas, ƙananan ƙubbobi masu tayil kore da rawaya a ƙarƙashin ƙafarmu. Ba mu daɗe ba yaron ya duba agogo ya ce mu sauka, akwai saura abu ɗaya.

A daɓen cocin, gaban bagade, wani siririn layin tagulla ya ratsa daga kudu zuwa arewa, tsawonsa kusan mita 22, an jera masa alamomin buruji da marmara mai launi. A ɗaya daga ƙananan ƙubbobin gefe an huda wata 'yar ƙofa da ba ta fi bakin kwalba ba. Giuseppe Piazzi ne ya tsara shi a 1801, limamin coci kuma masanin taurari, wanda a daren farko na wannan shekara ya gano Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya mai zagaya rana, daga ɗakin duban taurari da ke saman fadar sarakuna. Kafin lokacin mutanen Sisili daga faɗuwar rana suke fara ƙirga awoyinsu, kamar yadda ranarmu take shiga da magariba, aka yi layin don a koya musu agogon da sauran Turai ke bi. Kullum in rana ta kai tsaka, haskenta yakan zubo ta hudar ya sauka a kan layin. Da bazara kusa da ƙarƙashin hudar yake sauka, da hunturu can nesa.

Mu kamar goma sha biyu muka kewaye wurin, kowa ya yi shiru. Gab da ƙarfe ɗaya wani ɗan farin haske mai siffar ƙwai ya bayyana a kan marmara, yana rarrafe a hankali har ana iya ganin motsinsa. Ya matso, ya taɓa tagullar tsakanin alamar ma'auni da ta kunama, ya hau kanta, ya tsallake. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, rana ta yi zawali." Abin da mahaifina yake aunawa da sanda da inuwa a tsakar gida ke nan. Ayar da ke bakin ƙofa ta dawo mini, rana da wata da taurari horarru da umarninsa.

Muka fita ta rumfar, na sake ɗora tafin hannuna a jikin ginshiƙin, rana ta ɗumama shi. Daga nan muka kutsa lungunan da ke arewa da Cassaro, tafiyar 'yan mintoci, zuwa wani ƙaramin fili da ake kira Gran Cancelliere. Masallacin da ke wurin da coci ne, San Paolino, na ƙungiyar masu aikin lambu, an gina shi a ƙarshen ƙarni na 16. A 1990 aka miƙa shi ga Musulmi, 'yan Tunisiya ke kula da shi. Takalma sun cika bakin ƙofa. Muka yi alwala muka sami wuri a sahu na baya, ɗan Bangaladash a damana, wani saurayi ɗan Gambiya a hagun yaron. Ladan ya yi kira na biyu, liman ya hau mumbari ya yi sallama, ya fara huɗuba.